Yadda na gano abin da ke ɓatar da faifan Z a ofishinmu

A ofishin da nake kula wa da kwamfutoci a Kaduna, duk takardun da ake aiki da su tare suna kan saba guda, wato babbar kwamfutar da ke adana su. An haɗa wa kowa ma'ajiyar da sunan faifan Z, da zarar mutum ya sa sunansa da kalmar sirri sai ya gan shi kamar a cikin kwamfutarsa yake. An daɗe ana haka lafiya lau. Kwatsam sai aka fara kirana da sassafe: "Malam, Z ɗina bai zo ba." Kafin in hau bene, wani lokacin ya dawo da kansa, wani lokacin kuma jar alamar X ce a kansa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin albashin mutane da takardun kwangila duk a can suke, kuma matsalar da ke zuwa yau ta ƙi zuwa gobe ba ta barin ka san ko gyaranka ya kama.

Makon farko a kan rubutaccen umarnin net use da ke haɗa faifan ya ƙare. Na sake rubuta shi, daga baya na mayar da aikin cikin Group Policy, tsarin Windows da ake kafa wa duk kwamfutocin ofis dokoki da shi daga wuri guda. Shiru. Na duba ko muna kan Windows 10 sigar 1809, wadda Microsoft ta amsa a 2018 cewa tana da irin wannan cuta, sai na tarar namu sun wuce ta.

Sai na kai wa Hajiyar da ke sashen kuɗi ƙaramin littafi, na roƙe ta duk wanda abin ya sama a rubuta kwamfutarsa da lokacin. Bayan kwana goma ita ce ta tare ni a bakin ƙofa: "Malam, ka lura kuwa? Masu sababbin kwamfutoci ne kawai ke kuka. Tawa tsohuwar ba ta taɓa yi ba." Haka ne kuwa. Sababbin suna da SSD, ma'ajiya mai sauri, nan da nan suke tashi, tsofaffin kuwa sai sun gama nishinsu.

Na zauna gaban ɗaya daga cikinsu na buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru a kwamfuta. Ga kuskure mai lamba 1129 na Group Policy, ga 5719 na Netlogon, ɓangaren Windows da ke kula da shiga, duka suna cewa ba a samu sabar da ke tantance masu shiga ba. Na bi lokutan ɗaya bayan ɗaya: kurakuran na faɗowa jim kaɗan bayan kunnawa, sai an yi kusan rabin minti kwamfutar ke samun lambar IP, wato adireshinta a netwok.

Wannan rabin mintin ne ya kai ni ga suwic ɗinmu na Cisco, na'urar da wayoyin netwok na kwamfutoci ke haɗuwa a cikinta. Akwai tsarin Spanning Tree da ke hana saƙonni yin ta zagaye idan an haɗa wayoyi ba daidai ba. A tsohon tsarinsa, duk kafar suwic (inda ake soka waya) da ta farka sai ta yi daƙiƙa 15 tana saurare, ta ƙara 15 tana koyo, sannan ta bar saƙo ya wuce. Ita kuwa Windows tun zamanin XP ba ta jiran netwok, da bayanan shigar da ta adana take buɗe wa mutum. Ashe tsere ake yi. Wanda ya kunna kwamfuta ya tafi gaisawa da abokan aiki zai dawo ya tarar da Z ɗinsa. Mai hanzarin da ya zauna ya buga kalmar sirri nan take, shi ke rasawa. Masu himmar ofishin ne suka fi shan wahala, abin da ya sa tun farko na kasa ganin kan matsalar ke nan.

Na kunna PortFast, wanda ke sa kafa ta tsallake wannan jiran, a kafofin da ke zuwa kwamfutoci kaɗai. Ban taɓa waɗanda ke haɗa suwic da suwic ba, kuma ina gargaɗin duk mai bin sawuna da ya kiyaye wannan, don nan ne ainihin wurin da ake buƙatar kariyar. Sannan a Group Policy, ƙarƙashin System da Logon, na kunna dokar da ke sa kwamfuta ta jira netwok kafin a shiga. Na kwamfutocin tebur kawai na sa wa, saboda masu laftof da ke fita aiki waje za su riƙa jira a banza.

Kiran safe ya tsaya, sai dai ranar da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, mutanen bene suka sake kuka. Suwic ɗinsu ba shi da UPS, batirin da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, yana mutuwa tare da wutar, kuma yakan ɗauki mintuna kafin ya gama tashi. Na ɗauki littafin Hajiya na kai wa manaja, na nuna masa ranakun. A makon aka sayo UPS ɗin.