Laraba: takardu biyu, kuskure ɗaya

Yau da na idar da sallar asuba ban koma barci ba, sai na baje ragowar takardun jarrabawar 'yan aji biyu na kwalejin horar da malamai a kan tabarma, domin shugaban sashe ya ce lallai kowane malami ya kawo sakamakonsa zaman ƙarfe goma sha biyu. Darasin da nake koyarwa shi ne tarihin ilimi a Nijeriya, kuma cikin tambayoyin da na yi akwai wadda ta shafi makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909. Tambaya ce mai sauƙi, na kuma maimaita bayaninta a aji har sai da na gaji da jin muryata.

Takarda ta goma sha ɗaya da na ɗauka ta ce an buɗe makarantar a 1990. Na ja jan biro a ƙarƙashin shekarar na wuce, domin hannu yakan yi tuntuɓe. Da na buɗe ta goma sha biyu sai na sake cin karo da 1990 a daidai wannan layi, da jimloli iri ɗaya, da waƙafi a wuri ɗaya, har da wata kalma da na farko ya soke ya sake rubutawa, shi ma na biyun ya rubuta ta ya soke. Lambobin rajistarsu a jere suke, wato kafaɗa da kafaɗa suka zauna a ɗakin jarrabawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ya tsaya ya tambayi kansa yadda Baturen mulkin mallaka zai buɗe makaranta shekara talatin bayan samun 'yancin kai. Idan na bi tsarin ba da maki kamar yadda yake a rubuce, ɗaya yana da 61, ɗayan kuma 58.

Na hau Keke Napep daga Fadaman Mada da takardun a jaka, na isa zaman a makare saboda cunkoson Wunti. Da aka zo kaina na ajiye takardun biyu a kan tebur na nemi a tura su kwamitin ladabtarwa. Jami'in jarrabawa, mutumin kirki wanda ba na zarginsa da komai, ya tambaye ni ko malamin da ya sa ido a ɗakin ya cike fom a ranar, ko an kama wata 'yar takarda ko waya da za a haɗa a matsayin shaida. Na ce babu. Ya ce, "To Malam, ka san ƙa'ida, kwamiti ba ya sauraron ƙarar da ba a kama mutum hannu dumu-dumu ba." Shugaban sashe ya ƙara da cewa in na ga dama in rage musu makin wannan tambaya kawai. Na lissafa a zuci, ko na cire shi gaba ɗaya dukansu sun haye.

Wani lokaci nakan yi mamakin yawan dokokinmu. A 1984 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa, a 1999 kuma aka yi wata da ta tanadi tara ko ɗauri. Duk da haka, a teburinmu na yau fom guda da ba a cike ba ya fi su nauyi.

Daga nan aka shiga batun da na fi ƙi, wato gyaran maki. A tsarinmu gwaji da aikin gida suna da maki 40, jarrabawa tana da 60, kuma wanda bai kai 40 a jimla ba sai ya maimaita darasin, abin da ɗalibai ke kira kariyoba. Al'adar sashenmu, wadda ban taɓa ganinta a rubuce ba, ita ce a ɗaga duk mai 38 ko 39 zuwa 40. Idan kuma waɗanda suka faɗi sun yi yawa, malamin ne za a tsare da tambaya ko ya koyar da kyau, ba wanda zai tambayi yadda mutum ɗaya zai koyar da ɗalibai sama da ɗari biyu a ɗakin da na baya ba sa jin abin da ake faɗa. Saboda haka malamai da yawa sukan yi gyaransu tun a gida don su huta da titsiye, kuma ban ga laifinsu sosai ba.

A jerin sunayena akwai wata yarinya mai 37. Na san ta, a layin gaba take zama, ba ta taɓa fashin aji ba, Turancinta yana da rauni amma kowace jimla a takardarta tata ce, kuma ta rubuta 1909 daidai. Maki ɗaya ya hana ta shiga sahun waɗanda za a ɗaga. Ita za ta dawo baɗi ta sake zama, su biyun kuma za su wuce da B da C, su karɓi shaidar malanta ta NCE, wata rana a ba su aji a firamare. Na faɗi haka a zaman, aka yi shiru, sannan wani ya duba agogo ya ce lokacin azahar ya yi. Na nemi a ba ni zuwa gobe kafin in sa hannu.

Bayan magariba aka yi sallama a ƙofar gida. Wani dattijo ne da muke haɗuwa a masallacin unguwa, ashe ɗaya daga cikin yaran ɗan ƙanwarsa ne. Yadda labarin zaman ya isa gare shi cikin 'yan sa'o'i, Allah kaɗai ya sani. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, ɗa na kowa ne, a rufa masa asiri, maraya ne." Na ce, "Baba, in sha Allahu ba za a zalunce shi ba," na raka shi har bakin titi, ina jin nauyin furfurarsa.

Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, an ɗauke wuta, ina rubutu da hasken fitila mai caji. Na sake karanta takardar yarinyar nan sau biyu ina neman maki ɗaya da na hana ta bisa kuskure, ban samu ba. Na kira malamin da ya sa ido a ɗakin don in ji ko ya tuna inda yaran suka zauna, wayarsa a kashe. Gobe da safe zan same shi a ofis kafin in shiga wurin shugaban sashe.