Saƙon da ban rubuta ba, amma sa hannuna ne a ƙasa

Har yau in na tuna safiyar Talatar nan sai na ji cikina ya ɗuri ruwa. Ina zaune a ofis ko shayina ban gama sha ba aka ce Hajiya sakatariyar kamfani tana kira, ina shiga ko zama ba ta ce na yi ba ta turo min takarda ɗaya a kan tebur ta ce "Barista, ke kika rubuta wannan?" Na ɗauka na duba. Sunana ne, muƙamina ne, ga sa hannuna raɗau a ƙasa da shuɗin biro, amma wallahi tallahi ban taɓa ganin saƙon nan da idona ba sai a lokacin. Na ce ranki ya daɗe ba ni na rubuta ba. Ta ce to wa ya rubuta? Sai da na sake karantawa sau biyu sannan na gane tamfilet ɗina ne, wato shiryayyen saƙon da na'ura take aikawa da kanta, wanda ni da kaina na zauna na tsara wata takwas kafin nan.

Mu uku ne kacal a sashen shari'a, kamfani kuma a Abuja yake da rassa a Kano da Kaduna, kuma duk wanda ya yi aikin lauya a cikin kamfani ya san rabin yininka ba shari'a kake yi ba, amsa tambaya ɗaya kake yi sau ashirin. Wannan yana son kwafin satifiket ɗin rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, wancan banki sun ce sai ya kawo ƙudurin hukumar daraktoci, ɗan sashen talla yana son yarjejeniyar riƙe sirri yanzu-yanzu domin baƙi suna zaune a gabansa, ma'aikaci yana son takardar gabatarwa zuwa ofishin jakadanci. Na gaji, na samu yaron sashen kwamfuta muka zauna sati biyu muka haɗa fom a Microsoft Forms, muka ɗaura shi da Power Automate, manhajar da ke aiwatar da aiki da kanta, takardun muka zuba a ma'ajiyar SharePoint, mutum ya cike fom kawai cikin minti ɗaya takardarsa ta faɗo masa a imel. Wannan ɓangaren kam ya yi, ba ni da abin cewa, har yau shi muke amfani da shi kuma ina alfahari da shi.

Daɗin da na ji ne ya sa na wuce gona da iri. Akwatin imel ɗinmu na sashe yana buɗe ga na waje, kuma 'yan kwangila sun gano in suka rubuto wa lauyoyi an fi saurin motsawa fiye da in sun rubuta wa masu kuɗi, to kullum sai ka tarar da "ina kuɗina", "yaushe za a biya ni", abin da ba aikinmu ba ne sam, turawa kawai muke yi sashen kuɗi. Sai na ce me zai hana wannan ma na'ura ta riƙa yi? Na karɓo amsar da 'yan sashen kuɗi suke ba masu kawo kaya, na ɗan gyara Turancin, na sa doka cewa duk saƙon da ya shigo da kalmar inboyis, wato takardar cajin kuɗin kaya, ko biya a kansa, a tura shi sashen kuɗi a kuma mayar wa mai shi da amsa nan take. Ma'anar amsar ita ce mun amince da inboyis ɗinka da ba a biya ba mai lamba kaza, kuma ana kan aikin biyanka. Wurin "kaza" ɗin kuwa na'ura ce take kwafo taken saƙon mutum ta liƙa yadda ya rubuto shi.

Ban tsaya nan ba. Bayan kamar wata guda wani ɗan kwangila ya yi ƙorafi wai amsar tamu ba ta da mutunci kamar injin ne ya turo, to ni kuma don na kyautata sai na ɗauki hoton sa hannuna na saka a ƙasa da cikakken sunana da muƙamina. Wannan sa hannun shi ne abin da har gobe yake ci mini rai. Ba wanda ya sa ni, Hajiya ma ba ta san na yi ba.

Ga yadda ta kasance. Akwai wani mai kawo mana man gas na janareto tun shekarun baya, tun kafin na zo kamfanin. Wani lodi da ya kawo reshen Kaduna, da mai sito ya zura sandar awo a tankar sai aka ga man bai cika abin da ke rubuce a takardar lodi ba, ya rubuta hakan a jikin takardar direba ya sa hannu, sashen kuɗi suka biya iya abin da aka sauke suka riƙe ragowar. Mutumin ya yi ta rubuto wasiƙu na wani lokaci ana ba shi amsa cewa ba mu yarda da ragowar ba, daga baya ya yi shiru, shekaru suka yi ta tafiya. A Abuja kuwa dokar ƙayyade lokacin shigar da ƙara shekara 6 ta ba mai bin bashi na kwantiragi irin wannan, in ta wuce kotu ba za ta saurare shi ba. Saura wata biyu shekara shidan ta cika sai ga imel ɗinsa ya shigo akwatinmu da daddare, layi biyu kacal, amma a taken ya rubuta lambar inboyis ɗin da adadin kuɗin gaba ɗaya har da kwabo. Cikin daƙiƙa talatin tamfilet ɗina ya amsa masa. Ya kwafo lambar, ya kwafo adadin, ya ce mun amince ana kan aikin biya, ya buga sa hannun lauyar kamfani a ƙasa.

Duk lauya ya san abin da wannan yake nufi, tun a jami'a aka koya mana: in wanda ake bi bashi ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, lissafin lokacin sabo yake komawa, daga ranar za a fara ƙirga wata shekara shidan. Na san wannan kamar yunwar cikina. Abin da ya sa ban gani ba shi ne a lokacin da nake tsara amsar ba kallon takardar shari'a nake mata ba, kallon gaisuwa nake mata, irin "mun ji, a yi haƙuri". Na zauna na tace yarjejeniyar riƙe sirri sakin layi bayan sakin layi har kwana uku, amma wannan mai layi huɗu ko minti goma ban ba ta ba.

Mutumin bai ce uffan ba sai da shekara shidan ta wuce da wata huɗu, sannan lauyansa ya aiko da takardar neman biya, da kuɗin ruwa a kai, da kwafin imel ɗin nan a manne a baya. Ita ce takardar da Hajiya ta turo min.

Bari na faɗi wani abu a nan domin na san akwai wanda zai ce to ai gara da aka yi haka, bashi ai ba ya ruɓewa, kuna jiran lokaci ya wuce ku cinye haƙƙin mutum. Ni ma tarbiyyar da na tashi da ita ke nan, kuma dokar ma ba cewa ta yi bashin ya mutu ba, ƙofar kotu kawai take rufewa. Da a ce kuɗinsa ne na gaskiya ni ce ta farko da zan shiga ofishin manajan darakta na ce a biya bawan Allah. Amma wannan kuɗin man da ba a sauke ba ne, ga takarda da sa hannun direbansa, mun yi shekaru muna cewa ba mu yarda ba, sai ga saƙo ɗaya daga ofishin lauya ya zo ya ce mun yarda. Komawar lissafin lokacin sabo ma ba ta kai wannan ciwo ba, matsayinmu na shekaru ne na rusa da hannuna.

Mun kira lauyanmu na waje, dattijo ne mai natsuwa, ya karanta ya ɗan yi shiru ya ce "Barista, za mu iya tsayawa a kan cewa na'ura ce ta aika ba mutum ba, babu niyya, kuma hujja ce mai kyau, amma ki tuna abin da alƙali zai fara gani shi ne sunanki da sa hannunki, kuma ke za a kira akwatin shaida." Shigar da imel ɗin a matsayin shaida ba zai ba su wahala ba, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe hanyar takardun da suka fito daga kwamfuta, satifiket kawai za su haɗa da shi. Na ce masa to da a ce na rubuta "without prejudice" a sama fa, wato kalmar da ke hana a kafa hujja da takarda a kotu? Ya girgiza kai, ya ce wannan kariyar ta maganar da aka yi ce a cikin neman sulhu, amsar da take fita ga kowa da kowa ba tattaunawar sulhu ba ce, kada na dogara da ita. Mai siton da ya auna man ya yi ritaya, direban ba a san inda yake ba, shari'ar kuma za ta iya cin shekaru. Ƙarshe sulhu aka yi, kamfani ya biya fiye da rabin kuɗin man da bai taɓa shiga tankinmu ba. Ni kuma na karɓi kweri, na farko tun da na fara aiki, na amsa shi ban ɗora wa yaron kwamfuta komai ba domin abin da na ce ya yi shi ya yi.

A daren Talatar nan na kashe dokar da na sa wa akwatin imel ɗin, washegari na buɗe wurin saƙonnin da aka aika na bi su ɗaya bayan ɗaya tun daga ranar da muka kunna. Sun haura ɗari biyu, in ban da na watan farko dukkansu ɗauke da sa hannuna, na raba dare ina karantawa gabana yana faɗuwa a kan kowanne. Allah ya taimake ni sauran duk bashi ne na yau da kullum da ba a jayayya a kai, sai guda biyu da muka yi maza muka bi da wasiƙar gyara. A cikin wannan binciken ne kuma na gano yarjejeniyar riƙe sirrin da nake taƙama da ita har lokacin tana ambaton tsohuwar dokar sasanci, alhali an maye gurbinta da sabuwa tun 2023, sakin layin bayanan mutane kuma yana kan ƙa'idar 2019 ta NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, bai san da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ba. Ba wanda ya lura saboda ba wanda yake karantawa, kowa ya ɗauka tunda daga sashen shari'a ta fito ai shikenan an duba.

Yanzu in abokan aiki daga wasu kamfanoni suka tambaye ni ko su yi, ce musu nake ku yi, amma ku raba na gida da na waje tun daga farko. Ma'aikacinku da ke neman kwafin satifiket, bar na'ura ta ba shi. Wanda yake waje, ko ɗan kwangila ko lauya ko hukuma, amsa ɗaya tak yake samu daga gare mu kai tsaye: saƙonka ya iso, ga lambar bibiya, wannan amsa ce ta na'ura kuma ba amincewa ba ce da komai da ke cikin saƙonka. Babu suna, babu muƙami, babu sa hannu, kuma ba ta kwafo ko harafi ɗaya daga abin da mutum ya rubuto. Duk abin da ya wuce haka na'ura tana shirya daftari ne ta ajiye, sai ɗayanmu ya buɗe ya karanta ya danna da yatsansa. Muna da jerin sunayen duk wanda muke da taƙaddama da shi, ko tsohuwa ce ta shekara goma, in saƙo ya zo daga cikinsu ko waccan gajeriyar amsar ba ta fita, wayata ce take ƙara. Kowane tamfilet yana da sunan mai kula da shi da ranar da aka duba shi na ƙarshe, duk wata uku muna zama mu bi su, kuma wanda ya rubuta ba shi yake dubawa ba, ɗan'uwansa ne zai ɗauka ya karanta kamar shi ne lauyan ɗaya ɓangaren yana neman abin da zai manna a bayan takardar ƙara. Da na yi wa wancan mai layi huɗun wannan karatun sau ɗaya tak da ban kai ga saka shi ba, ballantana na ɗora masa sa hannu.

Hoton sa hannun nan na goge shi daga kwamfutata da SharePoint da wayata, na sa yaron ya bincika ko akwai wani wurin da ya maƙale, ya samo shi a wasu tsofaffin takardu biyu muka cire. Satin da ya wuce ya zo min da murnarsa wai akwai sabon tsari da zai riƙa karanta saƙo ya fahimci abin da mutum yake so ya rubuta amsa da kansa ba sai an bi ta kalmomi ba. Na ce masa ya haɗa mu gwada a kan na cikin gida, na waje kuma daftari kawai, maɓallin aikawa yana hannuna. Ya ce "Anti ai wannan ya fi wancan wayo nesa ba kusa ba." Na buɗe durowa na ɗauko masa kwafin imel ɗin, yana nan na ajiye, na ce ya zauna ya karanta tukuna.