Littafin ma'aji

Ranar da na karɓi muƙamin ma'ajin ƙungiyar ɗaliban sashenmu a nan Jos, baƙar leda aka miƙo mini. A ciki akwai hatimi da rasit bakwai, biyu ma ruwa ya wanke tawadarsu. Na ce wa wanda na gada, "Yaya, ina littafin?" Ya ce ai lissafin duk yana kansa. Wallahi ban taɓa zarginsa da cin ko kwabo ba, amma har ya gama makaranta ana yi da shi a ɗakunan kwana, shi kuwa ba shi da takardar da zai wanke kansa.

Washegari na shiga kasuwar Taminus na sayi littafi mai kaurin bango. Na ja layi biyar: rana, abin da aka saya, nawa, wa ya karɓa, wa ya shaida. Tallafin da jami'a ta ba mu na makon sashe na ware masa shafukansa daban, ban gauraya shi da kuɗin da ɗalibai ke biya ba, domin ofishin kula da harkokin ɗalibai na iya neman bayaninsa kowane lokaci.

Manyan kuɗi ba su ba ni wuya ba. Mai hayar kujeru da mai buga riguna duk suna da rasit. Ƙananan ne ke zurarewa. Matar da muka sayi tumatir da kabeji a wurinta a kasuwar Farin Gada ba ta da rasit, mai keke ma haka, ga ladan mai POS, ga naira 50 da banki ke cirewa a lokacin idan kuɗin da aka turo ya kai 10,000. Sai na riƙa rubutawa nan take, a tsaye, wanda muka je tare ya sa hannu. Abokina ya ce na cika tsanani. Na tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, balle kuɗin jama'a da aka ba mu amana.

Littafin ya yi mini rana bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Kuɗin motar da za ta kai mu duwatsun Shere Hills ya tashi fiye da abin da muka tsara, aka fara ƙus-ƙus. A taron ƙungiya wata ɗaliba ta miƙe ta ce, "Ma'aji, ina ragowar kuɗinmu?" Na ji daɗin tambayar har raina, haƙƙinta ne. Na buɗe shafin, na nuna farashin farko da na biyu da sa hannun direba, ta karanta da kanta ta zauna.

Tun daga ranar, duk ƙarshen wata nake ɗaukar hoton shafukan in tura zaurenmu na WhatsApp. Da wa'adina ya cika, saura shafi goma sha ɗaya a littafin, na haɗa wa wadda ta gaje ni da sabon littafi.