Abin da tsohon kankare ya koya mini

Ƙarshen watan nan zan bar aikin gyaran hanya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun tsohon kankaren titin da muka farfasa muka mayar tsakuwa. Shawara ce mai kyau, har gobe ina kan bakana: an rage jigilar tipa daga wurin fasa dutse, ba a kuma tara buraguzai a gefen titi ba.

Sai dai tsakuwar da ta fito daga kankare ba dutse ba ce. Kowace ƙwaya da ɓurɓushin tsohon siminti manne a jikinta, shi ya sa take shan ruwa. Dutse mai kyau da wuya ya sha fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ita kuwa takan kai 5 ko fiye. Na rubuta wa shugaban aikinmu cewa a riƙa jiƙa tsibin tsakuwar kafin kwaɓin sabon kankare, a kuma tankaɗe garin simintin da ke cikinta kafin a shimfiɗa ta kusa da bututun magudanar ruwa. Ya ce mu 'yan ɗakin gwaji ɓata lokaci muka iya, ko hannu bai sa a takardar ba.

Kwaɓin ya riƙa sandarewa tun ba a gama baza shi ba, domin tsakuwar ta zuƙe ruwan. Leburori suka shiga ƙara ruwa da ka, ƙarfin kankaren ya faɗi. Daga baya ruwan sama ya ratsa garin simintin nan, ya wanko sinadarin farar ƙasa, ya haɗu da iska ya daskare fari fat, ya toshe bututun. A taro shugaban ya ce tsakuwar ce ba ta da kyau, kuma ɗakin gwaji ne ya amince da ita. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ranar ni ya doka. Takardata tana cikin fayil, babu wanda ya nemi ganinta.

Wanda zai gaje ni, ka ajiye kwafin duk abin da ka rubuta. Ka duba maganaɗisun injin fasawa da ke tsince ƙarfe kullum, guntun rodi ɗaya ya isa ya yaga bel ɗin da ke jigilar tsakuwar. A cire kwaltar da ke sama kafin a fasa. In kuma an ba ka zaɓi, ka sa wannan tsakuwa a shimfiɗar ƙarƙashin titi, domin a can ragowar simintin kan sake kamawa bayan daɓe, shimfiɗar ta ƙara tauri.