Yadda na riƙa gano ƙishin alkama daga sama a Kadawa

Alkama ba ta nuna ƙishi da wuri. Kafin ganyenta ya naɗe ko ya yi ja, ta daɗe tana shan wuya. Idan kuwa hakan ya same ta tana fitar da kai ko tana cika ido, buhunan da suka tafi sun tafi, ko da an cika fangalin da ruwa daga baya. Shi ya sa a wani noman rani na haɗa aikina na malamin gona da hotunan tauraron ɗan'adam, a gonakin da ke shan ruwan madatsar Tiga ta wajen Kadawa da Kura.

Hotunan kyauta ne ga mai kwamfuta da data. Sentinel-2 na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015, na biyun a 2017, yana ɗaukar wuri ɗaya duk kwana biyar, kuma kowane ɗigo a hotonsa fili ne mai mita 10 tsawo, 10 faɗi. Ma'aunin da kowa ke fara koyo shi ne NDVI. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske, yana mayar da wani hasken da idonmu ba ya gani, sai a kwatanta biyun a san ƙarfin koren gona. Yana da amfani, amma a batun ƙishi mai zuwa ne bayan an tashi daga kasuwa. Lokacin da NDVI ya faɗi, manomin ma ya riga ya gani da idonsa. Wani ma'aunin, NDMI, ya fi mini daɗin aiki, domin shi yana dogara ne da hasken da ruwan cikin ganye ke shanyewa, ko da yake ɗigonsa mita 20 ne.

Alamar da ta fi duka saurin bayyana ita ce zafi. Shuka tana da ƙananan ƙofofi a ganye, ta nan take fitar da tururi ta sanyaya jikinta. Da ruwa ya yi ƙaranci a saiwa sai ta rufe su, ganyen ya ɗau zafi alhali yana nan kore shar. Masana biyu a Arizona ta Amurka, Idso da Jackson, sun gina ma'auni a kan wannan tun 1981. Taurarin ɗan'adam na Landsat 8 da 9 suna auna zafin ƙasa, sai dai ɗigo ɗaya na ainihin awon mita 100 ne, wato hekta guda cur. A Amurka wannan lungun gona ne. A wajenmu cikin hekta ɗaya za ka tarar da alkamar wannan, tumatirin wancan, albasar ɗan'uwansa, ga hanyar babur ta ratsa. Don haka na daina tambayar Landsat labarin gonar mutum ɗaya, na koma tambayarsa labarin magudanar ruwa gaba ɗaya.

A nan ya biya ni. Hoto bayan hoto, gonakin ƙarshen wata magudana suna fitowa da zafi da bushewa fiye da na bakinta. Da muka bi ta da ƙafa, sai ga kachalla da laka sun cinye rabin hanyar, na gaba kuma kowa ya jefa tiyo yana zuƙa. Mutanen ƙarshe sun daɗe suna wannan kuka, hoton bai gaya musu sabon abu ba. Abin da ya yi shi ne ya kashe musu a taron ƙungiyar masu ban-ruwa, tunda ba ɗan'uwan kowa ba ne. Aka sa ranar gayya, aka kuma yarda na ƙarshe su riƙa fara sha.

Wani fegi kuma ya fito a taswira kamar yana mutuwa da ƙishi. Mai gonar, wani dattijo, ya duba wayata ya ce, "Malam, taka ka ji." Ƙafata ta nutse har idon sawu.

"Baba, ai ruwa ne ya kwanta."

"To ka gaya wa na'urar taka."

Saiwar da ruwa ya shaƙe ba ta iya sha, sai shukar ta tsumbure kamar mai ƙishi. Kanwa a ƙasa, ƙarancin taki da cuta duk suna iya ba da kusan wannan launi. Da an bi taswira an ƙara wa fegin nan ruwa, da an ƙarasa shi.

Sai hazo. A Disamba da Janairu, daidai lokacin da alkama ke tasowa, ƙurar hunturu takan dusashe hoto, lambobi su sauka a ko'ina lokaci guda. Idan na ga duk gonaki sun faɗi tare, har da bishiyoyin mangwaro, na san sama ce, sai in jefar da hoton ranar. Kuma taurarin nan da hantsi suke wucewa, alhali ƙishi ya fi tsananta bayan azahar. Saboda haka na sayi ƙaramin ma'aunin zafi na hannu, wanda ake haska abu da shi daga nesa. Daren da sabon hoto ya fito nakan fitar da wurare kaɗan da suka bambanta da maƙwabtansu, washegari da azahar in je in auna ganyensu, in auna na gonar da ta ƙoshi a kusa, in tona ƙasa da hannu, sannan in nemi mai gonar.