Tiyon iska mai sanyi: inda aka kwana da Corolla tawa

'Yan uwa masu koyo, sannunku da aiki. Sati uku ke nan ina fama da hancin Corolla tawa, wato inda inji ke shaƙar iska, ƙirar 2005 mai injin 1ZZ-FE, ga kuma inda na kai.

Tun bara na cire akwatin iska na kamfani, na sa filta mai siffar mazurari da bututun ƙarfe da na saya a Suame Magazine, matattarar makanikai da kayan mota a Kumasi. Kukan da motar ke yi in an taka totur ya shiga raina, na ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru. Sai wata rana da azahar, a cunkoson Kejetia, ta yi nauyi kamar an lafta mata buhunan siminti. Na kai wa maigidana a gareji. Ko sufana bai ɗauka ba. Ya buɗe bonet, ya kama hannuna ya ɗora a kan bututun, na fizge ba shiri. Ya ce, "To yaro, abin da kake ba ta ta shaƙa ke nan."

Iska in ta yi zafi buɗewa take yi, sai kowane zuƙo da inji ya yi ya zo da ita kaɗan. Mai digiri 60 ta gaza mai digiri 30 nauyi da kusan kashi 9 cikin 100. Kwamfutar motar kuma in ta ga zafin ya yi yawa, takan jinkirta tartsatsin fulogi don kada inji ya riƙa ƙwanƙwasa, ƙarfi ya ƙara raguwa. Akwatin kamfani yana da hancinsa da ke jawo iska daga inda zafin inji bai kai ba. Ni na cire shi, na bar filta tsirara inda fankar lagireto ke huro zafi.

Kafin in taɓa komai sai da na auna, kuma ina roƙonku ku ma ku fara da haka. Na soka 'yar na'urar ELM327, mai karanto bayanan kwamfutar mota, a soket ɗin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari, na haɗa da waya. A tsaye a shataletalen Suame sansar da ke auna iskar da inji ke shaƙa ta nuna digiri 61, a guje kan hanyar Ejisu 47, alhali zafin gari bai wuce 32 ba.

Na samo tiyo mai lanƙwasa, inci uku, irin mai waya a ciki. Ramin fitilar hazo na hagu a bamba dama roba ce kawai ta toshe shi, sai na cire ta na kafa bakin tiyon a nan, na bi da shi ta ƙarƙashin fitilar gaba har kusa da batir. Karon farko na bar shi da tsawo, ya karye gida biyu, kuma ina karya kan mota zan fita daga gareji na ji taya tana gurzar sa. Na kwance, na rage kusan taƙi biyu, na ɗaure shi a jikin ƙarfe wuri uku da maɗaurin roba na 'yan wayarin.

Inda muka fi daɗewa muna ja-in-ja shi ne bakin da ke sama. Wani abokin koyona ya dage sai in rufe filtar a gwangwani, in liƙe tiyon a jiki ta yadda duk iskar daga ƙasa za ta zo. Lissafinsa daidai ne in sanyi kaɗai ake nema. Amma duk wanda ya taɓa bi ta Aboabo bayan ruwan watan Yuni ya san inda ruwa ke kaiwa a jikin mota. Tiyon da aka liƙe, bakinsa na ƙasa yana nutsewa inji zai zuƙe ruwan kamar mai shan koko. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Fistin ya taso ya same shi, sai konrod, ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe, a sauke inji. Saboda haka na bar ratar yatsa huɗu tsakanin bakin tiyon da filta, yana hura mata ne kawai. Na huda ɗan rami a inda tiyon ya fi yin ƙasa don ruwan da ya shiga ya tsiyaye, na kuma sa ragar waya a bakin bamba saboda leda da tsakuwa.

Sai katangar zafi, wadda za ta kare filta daga zafin inji. Na yanka kwali na gwada har ya zauna, na kai wa maƙeri ya fitar min da irinsa a fallen alminiyam, na lulluɓe gefen da tsohuwar robar ƙofa don ya taɓa bonet ba tare da ƙara ba.

Jiya na sake bin hanyar Ejisu a daidai lokacin da na auna da farko. Digiri 37. Na ji daɗi ƙwarai. A cunkoso kuwa har yanzu tana hawa 52, domin tiyon ba ya kawo komai sai mota tana tafiya. Katangar ce kaɗai ke aiki a tsaye. Ban ɗora ta a na'urar auna ƙarfi ba, don haka ba zan ce muku ta ƙaru da doki kaza ba. Abin da ƙafata ta shaida shi ne nauyin nan na tsakar rana ya ragu, kuma in na fita daga cunkoso tana saurin wartsakewa.

Hunturu ne ke gabana yanzu. Tiyon da ke kawo sanyi shi zai kawo ƙura kai tsaye, filtar kuma irin mai shan mai ce, in aka cika mata man sai ya ɓata siririyar wayar sansar, mota ta riƙa shaƙewa. Na shafa ɗan giris a cikin bututun, can bayan sansar. Nan da sati biyu zan kwance in murza shi a yatsa, in na ji yashi-yashi filtar ce za ta tafi.