Alat ɗin bogi ya cinye mini dogon hutu

Ranar da muka ajiye biro a jarrabawar NECO, a Yulin 2024, lissafina a kammale yake: in yi aikin wata biyu, in sayi waya ko da ta hannu ce, in ajiye kuɗin fom ɗin JAMB. Ashe duk samarin unguwarmu lissafin da suke yi ke nan.

Kantin Kwari na fara zuwa, wurin wani aminin Baba. Ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya nuna mini yaran shagonsa biyu suna hamma. "Ɗana, waɗannan ma kunyar iyayensu ce ta hana ni sallamarsu. Tun da aka cire tallafin mai wa yake ta atamfa? Kowa ta cikinsa yake yi." Gaskiyarsa ce. Litar da ba ta kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayun 2023 ta haura 600, komai kuma ya bi ta. Na zaga Singa, na zaga Farm Centre, har ƙofar wani kamfani a Sharaɗa na je da sassafe, na tarar da magidanta masu furfura a layin leburanci. Wa zai bar mai 'ya'ya biyar a tsaye ya ɗauki ɗan shekara 17? Kuɗin adaidaita kawai na yi ta ƙonawa. Ana cikin haka zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agusta ta ɓarke, aka sa dokar hana fita a Kano, neman ma ya tsaya.

Da ƙura ta lafa Kawu ya samo mini tsaron POS a wurin wani Alhaji: tebur, lema, kujerar roba, dubu 15 a wata. Don murna ban tambayi komai ba. Ban ce "Alhaji, idan kuɗi suka yi giɓi wa zai cika?" ba. Na so in faɗa, kunya ta riƙe mini baki, wai kada a ce yaron Kawu ya fiye son kuɗi.

Kwanana goma sha biyu a wurin abin ya faru. Yammacin wata Juma'a ce, sabis yana wahala, mutane huɗu suna jira. Wani mutum ya fito daga mota, farar shadda, hula zanna, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. "Ƙanina, na turo dubu arba'in, duba ka gani." Ya miƙo wayarsa, ga rasit nan, sunan asusunmu daidai, adadi daidai. Na leƙa na'urata, shiru. Na ce, "Yallaɓai, bai shigo ba tukuna." Sai ya yi murmushi: "Haba samari, da girmana zan cuce ka? Sabis ne, ga asibiti zan je." Na bayansa suka fara tsaki. Na ƙirga dubu arba'in na ba shi. Har ya zaro ɗari biyar daga ciki ya ce in sha ruwa, ni kuwa na yi ta zuba godiya. Wannan godiyar ce take hana ni barci.

Da dare muka yi lissafi, ko sisi bai shigo ba. Alhaji bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ai kai ka miƙa." Albashin wata biyu cif, dubu 30, ya tafi a nan, ragowar goman kuma Umma ta cire daga adashenta.

Duk wanda zai zauna a wannan kujerar, kada ya kalli wayar kwastoma, ko alƙali ne. Na'urarka ka duba, ka ga kuɗin sun hau, in ba su hau ba a jira, mai tsaki ya yi ta yi. Kuma tun kafin ka fara, ka ja babba ya zauna da mai wurin a yanke maganar asara, tunda kai bakinka ba zai iya ba. Da Kawu ya yi wannan zaman, wataƙila raba ta za a yi.

Har yau wayata 'yar tocila nake riƙe da ita. Umma ba ta taɓa tayar da maganar adashen ba. Ɗari biyar ɗin nan kuwa, ita kaɗai ce kuɗin da na shigo da su gida a duk hutun.